Liƙa takarda a kan kartarka: yadda nake atisayen poka a salula ba tare da duba hannuna ba

Takardar da nake aiki da ita ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Daga bangon tsohon kaye nake yanko ta, in ninka biyu don kada hasken salula ya ratsa, in manna ta da ɗan tef daidai inda kartata biyu suke fitowa. Daga nan har a tashi wasa ban san abin da aka raba mini ba. Ranar da ƙanena ya fara ganina haka a ƙofar gida bayan isha'i, sai ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, gilashin ne ya fashe?" Na ce masa a'a, karatu nake yi. Kuma da gaske nake, don babu abin da ya gyara mini wasa kamar wannan ƴar takarda.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ba na sa kuɗi a poka, ko dala ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa a nan na teburin jeton kyauta ne, wanda ba ya komawa kuɗi. Caca haramun ce, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri guda, kuma duk wanda ke zaune a Damagaram ya ga abin da cacar salula take yi wa samari, musamman masu kabu-kabun da kuɗin uban gida ke ratsa hannunsu kullum. Ko kartar da babu kuɗi a cikinta malamai sun yi saɓani, wasu sun hana ɗungurungum, wasu sun sassauta muddin ba ta ci lokacin salla ba, ba ta kuma jawo zagi da gaba ba. Kowa ya tambayi malaminsa. Manhajojin kyautar ma za su riƙa yi maka tallar jeto idan naka ya ƙare. Kada ka saya, ka jira na gobe.

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan cikin gari, belot na taso ina bugawa a fadarmu ta Birni, kuma lissafin da ke cikin poka shi ya ja ni. Ga wanda bai san ta ba, irin da aka fi bugawa a intanet shi ne Texas Hold'em. Karta 52 ce, ba 32 irin ta belot ba. Ana ba kowa biyu a rufe, sannan a baje biyar a tsakiya waɗanda na kowa ne: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar, ana zubi kafin ukun da kuma bayan kowane buɗi. Mutum biyun da ke hagun mai rabo suna yin zubin dole tun ba su ga komai ba, ɗaya ƙarami ɗaya babba, kuma rabon yana zagayawa. Idan layi ya zo kanka ko ka janye, ko ka bi, ko ka ƙara. Tulin jeton da ke tsakiya ta hanya biyu ake cinsa: ko a kai ƙarshe a buɗe kartarka ta fi ta kowa, ko kuma kowa ya janye ya bar maka. Hanya ta biyu ba ruwanta da abin da ke hannunka, kuma ita ce mafi yawanmu ba mu taɓa zama mun koya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Tagwaye kowane iri, wato karta biyu masu lamba ɗaya, ko da biyu-biyu ne, sau ɗaya cikin 17. Mafi yawan lokaci tarkace ne a hannunka, kamar yadda tarkace ne a hannun na kusa da kai. A da abin da nake yi shi ne in leƙa, in ga babu, in janye, in koma WhatsApp har a sake rabo. Sai in yi awa guda a tebur ban san wane ne matsoraci ba, ban san wane ne mai burga ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A intanet babu fuska, amma akwai abin da ya maye gurbinta: nawa mutum ya zuba, daga wace kujera, sau nawa yake shiga, me yake yi idan aka tare shi. Duk yana nan a fili, ido ne kawai ya maƙale a kan karta biyu.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Wadda ta sa duniya ta san ta wata yarinya ce ƴar ƙasar Norwe, Annette Obrestad, da aka sani a intanet da Annette_15. A 2007, tana da shekara 18, ta shiga wata ƙaramar gasa ta mutum 180 da kartarta a rufe, sau ɗaya tak ta leƙa, kuma ita ta cinye. Manufarta ta nuna nauyin kujerar da mutum ke zaune da kuma lura da abokan wasa. A watan Satumba na shekarar ta ci babbar gasar Turai ta WSOP, wato jerin gasannin poka na duniya, a Landan, ana gobe za ta cika 19. Nata wasan na kuɗi ne, wannan ba hanyarmu ba ce, amma darasin yana aiki a teburin kyauta daidai wa daida.

To, shiri. Ka fara buɗe manhajar ka buga rabo biyu ko uku da ido buɗe don ka ga inda kartarka ke sauka. Ka tabbata kujerarka ba ta sauya wuri a fuskar waya. A salula yawanci kai ne a ƙasa kullum, a kwamfuta kuwa sai ka shiga saiti ka kafe ta, in ba haka ba da an mayar da kai wani tebur kartar za ta fito a gefen takarda. Wasu manhajojin suna rubuta maka ƙarfin hannunka a ƙarƙashin karta, ko su haskaka kartar tsakiya da ta dace da taka. Ka kashe wannan, in bai kasu ba ka faɗaɗa takardar ta rufe shi. Amma kada ta rufe yawan jetonka, don shi za ka fi dubawa. Ka ajiye kaye da bik a gefe, ka zana teburin, kowace kujera da gurbinta na rubutu.

Inda za ka buga shi ne abin da ya fi ba ni wahala, don haka zan ɗan daɗe a kai. Teburin kyauta na kowa-da-kowa, irin na Zynga Poker ko ɓangaren jeton wasa na PokerStars, yana da ciwo ɗaya: mutane ba sa janyewa. Jeton ba ya yi musu zafi, sai su bi ka da komai har ƙarshe. Wanda kuwa ya rufe kartarsa da janyewar mutane yake rayuwa. Idan dole sai can, ka nemi gasa ta tebur ɗaya, mutum shida ko tara, wadda in jetonka ya ƙare ka fita ke nan. Ka yi haƙuri minti goman farko, masu zuba komai a rabon farko za su cinye junansu, waɗanda suka rage su ne masu son kaiwa ƙarshe, kuma su ana iya karanta su.

Abin da ya fi wannan shi ne teburin abokai. Mu shida ne daga fada ɗaya, muka buɗe tebur na sirri, lokacin hunturu da sanyi ya hana zaman waje. Kowa yana ɗakinsa da salularsa. Babu kuɗi, babu kyauta, ko sukarin shayi ba mu ɗora a kai ba, don da an ɗora ya zama abin da muke gudu. Maki kawai muke rubutawa. Sai ga shi mutum yana tsaron jetonsa kamar dukiya, saboda ya san gobe a gindin shayi za a yi maganar yadda ya fita. Mun kuma yi yarjejeniya tun farko cewa kowa yana da damar rufe kartarsa duk daren da ya ga dama ba tare da ya sanar ba, sai an tashi ya faɗa. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci ta fuska biyu. Ba ka yaudari kowa ba, tunda an amince. Sannan idan sun san daren nan a rufe kake, za su bi ka duk inda ka nufa, atisayen ya lalace.

Zagayen farko kada ka shiga ko ɗaya sai dole. Kallo ne aikinka. Ka rubuta wanda yake shiga kusan kowane rabo, da wanda ya janye sau biyar a jere. Ka rubuta wanda ke bi kawai ba ya ƙarawa. Idan aka kai ga buɗe karta tsakanin wasu, nan ne ribarka take: ka koma baya a zuci ka ga yadda ya yi zubi da wannan hannun, babba ne ko ƙarami, da wuri ko sai a ƙarshe. Mutum biyun da ke hagunka su za ka fi sa wa ido, don su ke zubin dole duk lokacin da rabo ke hannunka, kuma jetonsu za ka fi nema. Game da jinkiri, ka yi hattara. Ana cewa mai daɗewa kafin ya danna yana shakka ne, amma a nan garin sau da yawa rezo ne ya ɗauke masa. Saurin dannawa ya fi jinkiri gaskiya: wanda ya wuce nan take ba tare da zubi ba, galibi ya riga ya haƙura.

Yanzu kujera. Wanda ke kujerar rabo shi ne na ƙarshen magana bayan an buɗe ukun farko, har zuwa ƙarshe. Duk wanda ya taɓa raka dillali kasuwar dabbobi ya san wanda ya fara faɗin kuɗi shi ya fara buɗe cikinsa. Haka yake a nan. Da karta a rufe, ka janye daga kujerun farko gaba ɗaya, ba tare da baƙin ciki ba, ko da kana jin wataƙila as biyu ne ka zubar. Ka shiga daga kujerar rabo da wadda ke damanta, kuma sai idan duk na gabanka sun janye. Idan ka shiga, ka shiga da ƙari, ba da bi ba.

Ga lissafin. A ce zubin dole 50 ne da 100, wato 150 ke tsakiya. Ka ƙara zuwa 200. Kana jefa 200 don ka ɗauki 150, saboda haka idan su biyun suna janyewa fiye da sau 57 cikin 100, ka ci riba tun ba a buɗe karta ɗaya ba. Idan ka kai 250, sai sun janye kusan sau 63 cikin 100. Shi ya sa ƙaramin ƙari ya fi wa mai rufaffiyar karta. Kayenka ne zai gaya maka ko na hagunka masu janyewa ne. Idan ba su ba ne, ka rage shiga, ka jira a fitar da su ko zubin dole ya yi nauyin da za su fara jin tsoro.

Idan ɗaya ya bi ka, ga lambar da nake so kowa ya haddace: wanda kartarsa biyu ba tagwaye ba ne, kusan sau ɗaya cikin uku kawai ukun farko suke ba shi tagwaye ko abin da ya fi. Sau biyu cikin uku bai samu ba. Zubin rabin tuli kuwa janyewa sau ɗaya cikin uku kawai yake buƙata: tuli 100, ka zuba 50, ka faɗi sau biyu ka ci sau ɗaya, kun yi kunnen doki. Duk abin da ya haura haka riba ce. Amma da mutum biyu suka bi ka, yiwuwar a ce dukansu ba su samu ba ta faɗo ƙasa da rabi, da mutum uku kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. Burga ta mutum ɗaya ce, in ta yi yawa biyu.

Kuma ba kowane buɗi ake yi wa burga ba. Wani dare abokina tela yana kan babban zubin dole, ni ina kujerar rabo. Na ƙara zuwa 200, ƙaramin ya janye, tela ya bi, tuli ya zama 450. Aka buɗe sarkin pik, bakwai ta karo, biyu ta tirefil. Karta uku da ba sa jituwa, babu jeri, babu launi ɗaya. Ya wuce nan take. Na tambayi kaina abin da yake zaton ina riƙe da shi: wanda ya ƙara tun farko, sarki ya fi dacewa da hannunsa. Na zuba 200, ya janye. Daga baya na ga tara da huɗu ne a ƙarƙashin takardata. Bayan rabo kaɗan aka buɗe tara, takwas, bakwai, biyu daga ciki ker, kuma mutum biyu ne a gabana. Irin wannan buɗin masu bi yake taimaka wa, don su ke riƙe matsakaitan karta masu jeri. Na wuce, ɗaya ya zuba, na janye. Da safe tela ya ce mini, "Mushe, jiya ka yi sanyi a wannan hannun." Na ce masa ba sanyi ba ne, teburin nasu ne a lokacin.

Wata dabara da ke taimaka wa mai farawa ita ce ka ba kanka hannu a zuci kafin ka shiga. Ka ce as da dam nake riƙe da su, ka buga kamar su ne. Amfaninta zubinka zai zama labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a poka inda ake kama mai burga shi ne inda labarinsa ya saɓa: ya yi shiru a ukun farko da ta huɗu, sai a ta biyar, da karta maras amfani ta fito, ya zubo rabin jetonsa. Mai lura zai tambayi kansa me wannan kartar ta ƙara masa, ya ga babu, ya bi. Idan kuwa ka zuba aka ƙara a kanka, musamman daga mutumin da kayenka ya ce ba ya ƙarawa, ka janye kawai. Bi shi ne mafi raunin abin da mai rufaffiyar karta zai yi, don yana kai ka ga buɗe karta da wanda ya san abin da yake riƙe, kai ba ka sani ba. Wuri ɗaya nake yarda da shi: layina yana zuwa bayan na mutum, na kuma rubuta cewa yakan zuba a ukun farko sannan ya saki a ta huɗu. Sai in bi sau ɗaya, da ya wuce in karɓe tulin.

Sai maganar tapi, wato mutum ya turo duk jetonsa. Hannun da ba ka sani ba matsakaici ne a lissafi. Gaban as da sarki yana cin wajen 35 cikin 100, gaban as biyu wajen 15. Don haka ba a bin tapin mai jeto da yawa a rufe. Amma a ce kana kan babban zubin dole na 200, ƙaramin ya zuba 100 ya janye, wani da jetonsa ya kusa ƙarewa ya turo 350. Ƙarin 150 kawai za ka yi don tuli ya zama 800, kana buƙatar ci ƙasa da sau ɗaya cikin biyar. Wannan ka bi, ba sai ka gani ba. Idan naka jeton ne ya sauko ƙasa da ninki goma na babban zubin dole, ka daina ƙananan ƙari. Ka jira kujerar ƙarshe da kowa ya janye, ka tura duka, tun jetonka yana da sauran kwarjinin da zai sa a ji tsoron bi.

Na ba kaina leƙe ɗaya a kowace gasa, kuma ina rubuta inda na kashe shi. Mai farawa ya ba kansa uku. Abin da na lura shi ne da zarar ka san leƙenka ƙidayayye ne, kana tanadinsa, sau da yawa har a tashi ba ka taɓa shi ba.

Rabin karatun bayan wasa yake. A kwamfuta akwai tarihin hannuwa da za ka buɗe ka ga komai. A salula, in manhajar ba ta ajiyewa, ka ɗauki hoton fuskar waya duk hannun da ka shiga. Takardar a saman gilashi take, hoton zai kama kartar, sai dai ka kau da ido daga ɗan hoton da ke leƙowa a kusurwa. Washegari, ni tsakanin darasi da darasi nake yi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kayenka. Za ka tarar da abin da zai sosa maka rai. Ni na taɓa janyewa gaban ƙarin wani, ashe tagwayen takwas ne a hannuna kuma ta uku tana kwance a tsakiya. Ya yi zafi, amma da na sake duba abin da na sani a lokacin, janyewar daidai ce. Tambayar da za ka yi wa kowane hannu ita ce: mutumin ya yi abin da na zata zai yi? Idan ka yi zaton zai janye ya bi, ka gyara abin da ka rubuta a kansa, ko da kartar ɓoye ta cece ka ka ci tulin.

Kada ka mayar da rufewar ɗabi'a. Sau ɗaya a mako ya isa, gasa ɗaya, wadda ba ta wuce awa guda, kuma bayan isha'i don kada kiran salla ya same ka tsakiyar hannu. Idan ka yawaita za ka saba da burga fiye da kima, ka manta karta ma tana da nata nauyin, abokanka kuma za su gane ka su daina janyewa. Mafi yawan dararen da na rufe ban ci ba, na biyu ko na uku nake zuwa, don idan aka rage mutum biyu ana yawan kaiwa ga buɗe karta, a nan mai gani ya fi ka.

Ranar da ka cire takardar, ga abin da za ka riƙe daga cikinta. Da an yi rabo ka ɗora babban yatsanka a kan kartar. Ka kalli na farko ya yi magana, na biyu, na uku, ka duba jeton na hagunka, ka yanke a zuci abin da za ka yi da a rufe kake. Sai layi ya iso kanka sannan ka ɗaga yatsa. Idan abin da ka gani ya ƙarfafa shawarar, ka ci gaba. Idan ya saɓa mata, kana da daƙiƙa goma sha ko fiye ka auna wanne ya fi nauyi a wannan hannun, mutumin ko kartar. Takardar kuwa ni a bayan salula nake soke ta, cikin robar, tef ɗinta yana kai mako uku kafin ƙurar hunturu ta kashe danƙonsa in yanko wata.